Ba A Koya Mini

"Ni fa injin ko tari ya yi, na san abin da ya sha! Ku kawo mini mota a mace, tana jin takuna za ta tashi da kanta ta gaishe ni!"

Maganar mijin yayata ke nan, kuma ba sau ɗaya na ji ta ba, ba sau ɗari ba. Kai ma da za ka zauna a bencin ƙofar shagona na ɗinki minti biyar, sai ka haddace ta. Sunan da ya raɗa wa kansa Injiniya. Mu kuwa in ya ba da baya Sufanar Baki muke ce masa, don duk notin duniya da baki yake kwance shi. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a wani ofis: a miƙo takarda, ya ɗaga hannu, ƙum, a wuce. Iyakar ƙarfen da ya taɓa murɗawa a rayuwarsa makullin ƙofa ne, shi ma sai ya gwada hagu ya gwada dama. Amma mutumin ya kalli bidiyon gyaran mota a waya har guda goma sha wani abu, ya sayi rigar makanikai mai aljihu bakwai, ya shafa mata baƙin mai da hannunsa don ta yi kama da ta masu aiki. To, wa zai gaya masa ya ji?

Mahaifinmu tsohon direba ne, shekara arba'in yana riƙe da sitiyari. Yana da wata tsohuwar mota mai kafireto, ruwan madara, muna ce mata Dattijuwa. Ta girme ni da shekara biyu, kuma ban taɓa yaudarar kaina ba: a zuciyar Baba ita ce 'yar fari, Yaya ta biyu, ni na uku. In ya tayar da ita da safe yakan ɗora kofin shayi a kan bonet, shayin ko rawa ba ya yi. Injiniya ya yi shekara shida yana lashe baki a kan motar nan. Kullum ya zo gaisuwa, sai ya gaida Baba minti ɗaya, ya gaida Dattijuwa minti ashirin.

Ana nan sai ciwon yana ya rufe wa Baba ido, likita ya hana shi tuƙi, aka sa ranar aiki. Baba ya kira surukin nasa, ya ciro makulli daga aljihu kamar mai ciro haƙori.

"Ga ta nan, sati uku. Ranar da za a sallame ni daga asibiti kai za ka zo ka ɗauke ni da ita. In na ji muryarta yadda na ba ka, ta zama taka har abada. In ta canza murya, ka miƙo mini makullina, kada kuma ka ƙara yi mini zancenta."

Injiniya ya durƙusa har gwiwa tana ƙara. "Baba, ai a hannuna gyaruwa za ta ƙara yi!"

"Ban ce ka gyara ba. Cewa na yi kada ka ɓata."

Da ya ji wannan maganar da kunnen basira, da yau ba ni da labarin ba ka.

Kwana biyu Dattijuwa tana lafiya lau. A rana ta uku sai ga Injiniya ya dawo daga wajen mai fenti da wani allon katako, faɗinsa ya kai tiren da ake kawo wa baƙi abinci, an rangaɗa masa rubutu da jan fenti: BA A KOYA MINI. Ya ce duk babbar mota da kirarinta, ta babban injiniya ba za ta yi yawo tsirara ba. Ya kafa allon a gaban motar, daidai tsakanin fitilu biyu, ya rufe hancinta ruf. Gefe ɗaya ya ɗaure da waya. Waya ta ƙare, ɗaya gefen ya ɗaure da wata siririyar baƙar roba da ban san inda ya samo ta ba. Ya ja da baya, ya kama ƙugu, ya ce mini, "Tela, ya ka gani?"

Na ce, "Ana hangowa tun daga nesa."

Washegari da safe ya murɗa makulli, Dattijuwa ta tashi tana karkarwa kamar mai masassara. Sitiyari na rawa, madubi na rawa, kumatun Injiniya na rawa. In ya taka totur sai ta ɗan daidaita, yana ɗaga ƙafa sai ta yi fut-fut-fut ta mutu. Ya lallaɓa ta zuwa ofis, kafin ya kai shataletale na biyu allurar zafi ta haye ja ta yi zamanta. Da yamma ya dawo gida ruwan sanyaya injin na ɓalɓala a lagireto, bonet na huci.

Yaya ta fito ƙofar gida da tsintsiya a hannu. Ka san Yaya a gefen Baba ta girma, tun tana 'yar shekara goma take miƙa masa sufana, ita ma ya koya mata tuƙi kafin ta yi aure. Ta dubi motar, ta ce, "Baban yara, ni dai tun jiya da ka ɗaura wannan..."

Ya ɗaga mata hannu. "Dakata! Na taɓa shiga kicin na ce miki gishiri ya yi yawa?"

"Kullum."

"To yau dai ki bar ni da fannina. Wannan fulogi ne. Da jin tarin na gane."

Yaya ta ce Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da shararta.

Ranar hutu ya sa rigar aljihu bakwai, ya kwance fulogi huɗu, ya kankare su da buroshin haƙoransa, ya mayar. Sai dai wayoyin da ya zare ya manta wacce ce ta wane rami. Ya ce ba komai, duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya murɗa makulli. Wallahi ƙarar da salansa ta yi, ni da ke tsallaken titi sai da na ɗinke aljihun wandon wani bawan Allah da ƙafar wandon. Kajin maƙwabta suka haye katanga, mai sayar da lemo ya kwanta warwas a bayan teburinsa, wani tsoho ya yar da sanda ya zura da gudu, abin da aka ce rabonsa da yi shekara tara.

Injiniya ya fito daga cikin baƙin hayaƙi, ido kawai ake gani. "Kun ji? Ta yi gyatsa. Datti ne ya fita."

Wuni guda ya yi yana jujjuya wayoyin nan huɗu kafin Allah ya sa ya dace. Dattijuwa ta tashi, ta ci gaba da karkarwarta daga inda ta tsaya.

"Dama na sani," in ji shi. "Gwada ku nake yi. Kafireto ne."

Nan gabana ya faɗi, don kafireton nan Baba ko hannu mai maiƙo ba ya bari ya taɓa shi. Injiniya ya kwance shi ɗungurungum, ya baje kayan cikinsa a kan farantin Yaya na baƙi, mai zanen furanni, ya wanke su da fetur. Ya ɗauko wani ɗan ƙanƙanen ƙarfe mai huda a tsakiya, ya ɗaga shi sama yana yi wa jama'a bayani, don zuwa lokacin an fara kawo kujeru.

"Wannan shi ne jet. Ta nan mai ke bi. Makaniken banza waya zai zura masa. Injiniya kuwa hurawa yake yi."

Ya kai baki, ya kumbura kumatu, ya hura. Jet ya yi fit ya tashi sama, ya dira a gaban zakaran maƙwabta. Zakara ya dube shi da ido ɗaya, ya dubi Injiniya da ɗayan, ya tsince shi ya ruga.

Ka taɓa ganin ƙato mai tumbi, da riga mai aljihu bakwai, kowane aljihu da sufana, yana bin zakara? Kacau-kacau-kacau, sun zaga motar sau huɗu, sun bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, sun ratsa shagona. Ni dariya ta hana ni tare ƙofa. Allah ya taimaka zakara ya ga abin ba ci ba ne, ya tofar a bakin kwata. Injiniya ya tsamo shi yana haki, ya ce, "Ya ma fi fita yanzu."

Da ya gama haɗa kafireto, sai ga noti uku sun rage a kan faranti, suna kallonsa yana kallonsu.

Na ce, "Injiniya, waɗannan fa?"

Ya kwashe ya zuba a aljihu. "Gyara ne. Kamfani ke ƙarawa."

Mota ta tashi, karkarwa na nan daram. Sai ya ɗauki sukundireba ya murɗe kusar silo, wato wadda ke daidaita numfashin injin in mota na tsaye, ya yi ta murɗawa har Dattijuwa ta koma ihu. Yanzu ba ta mutuwa, gaskiya ne, amma kururuwa take tana rawa, allurar zafi kuwa da a shataletale na biyu take kai ja, yanzu tun a ƙofar gida. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Mai garejin bakin titi ya zo wucewa, mutum mai kunya, ya tsaya ya saurara. "Ranka ya daɗe, in ba za ka damu ba in ɗan duba. Kamar ina jin..."

Injiniya ya kama hannunsa, ya zagayo da shi gaban mota, ya nuna masa allon da sukundireba, harafi bayan harafi. Mai gareji ya karanta, ya dubi allon, ya dubi inda aka kafa shi. Ya ce, "Haka ne. Allah ya huci zuciyarka." Ya tafi kafaɗunsa na rawa.

Saura zafi. Injiniya ya ce lagireto ne ke jin ƙishi. Injin na tafasa ya sa tsumma ya murɗe murfin. Ruwa ya yi tsiri sama da hucinsa, ya ɗauke masa hula ya aza ta a kan rufin kwano, shi kuma ya sami kansa zaune a cikin bahon wankin Yaya. Allah ya tsare fuska, gashin baki ne dai gefe ɗaya ya kwanta bai ƙara tashi ba. Washegari ya sayo ƙanƙara ya farfasa ya dura mata. Ta narke kafin ya rufe bonet. Sai ya jiƙa bargo sharkaf ya lulluɓe gaban motar da shi, a kan allon, wai haka ake yi wa mai zazzaɓi.

Yaya ta sake gwadawa. "Baban yara, don Allah ka cire wannan al..."

"Ke! Sati uku ina fama da injin, ke kina fama da ado? In kishin allon kike, a yi miki naki."

Yaya ta juyo ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Tela, na yi shiru. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Gaskiya a nan dariyata ta fara raguwa. Tausayin Baba ya kama ni, tsoho yana kwance da bandeji a ido yana ƙirga kwanakin da zai ji muryar motarsa. Shi ma Injiniya ya rame. In ya ɗauka ba mai ganinsa sai ya dafa bonet yana lallashinta ƙasa-ƙasa: "Haba Dattijuwa, ki rufa mini asiri. Kwana ɗaya tak." Yana hango ni sai ya miƙe ya ce yana auna bugun injin ne.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Safiyar sallama muka shiga mota, ni da Yaya a baya, jarkar ruwa shida a tsakaninmu da ƙarƙashin ƙafafunmu. Tafiyar minti ashirin muka yi ta a awa ɗaya da rabi, mun tsaya shayar da ita sau huɗu. Muka iske Baba a bencin ƙofar asibiti, ido ɗaya a naɗe da bandeji, ɗayan kuwa dama inuwa kawai yake gani. Tun kafin mu tsaya ya karkata kai.

"Wa ya shigo da injin niƙa asibiti?"

Injiniya ya yi tsalle ya fito. "Baba, barka da arziki! Murnar ganinka take yi!"

Muka sa Baba a gaba. Injiniya ya ƙure rediyo, yana tari da ƙarfi, yana ba da labarin da ba wanda ya tambaye shi, duk don ya rufe muryar motar. Baba ya lalubi rediyon ya kashe. Muna isa babbar mahaɗa danja ta tsayar da mu. Dattijuwa ta yi kururuwa, ta yi rawa, ta yi fut, ta mutu. Tururi ya turnuƙe gilashi. Motocin baya suka ɗauki hon, masu talla suka kewaye mu, mai ba da hannu ya zo yana faɗa, aka taru aka tura mu gefen titi.

Baba ya ce, "Tela, kama hannuna. Kai kuma buɗe bonet ka tayar da ita."

"Baba, ai matsalar mai ce, man yanzu duk..."

"Tayar da ita."

Ta yi gur-gur-gur da ƙyar, ta kama. Baba ya sunkuya, ya kai kunne kusa da kafireto, ya ɗaga yatsa. Duk surutun mahaɗar nan sai da aka yi tsit.

"Kun ji wannan tsssss ɗin? Tana shan iska ta inda bai kamata ba."

Ya zura hannu ƙarƙashin kafireto, ya laluba, ya ɗora ɗan yatsa a kan wani ɗan bututu da ke buɗe. Nan take karkarwa ta tsaya cak. Ya ce in miƙo masa sukundireba daga aljihun Injiniya, ya sassauta kusar silo, ihu ya sauka, ya sauka, har muryar Dattijuwa ta dawo, 'yar siririya mai daɗi. Na ji hawaye ya cika mini ido, Allah ya sani.

"Akwai wata 'yar baƙar roba da ke kan bututun nan. Shekara talatin da ɗaya tana nan. Ina take?"

Injiniya ya dubi sama, ya dubi ƙasa. "Roba? Wataƙila ɓera..."

"Me ke ƙara a aljihunka?"

"Canji ne, Baba."

"Canji mai zare? Noti uku ne, na murfin kafireto. Ba wa Tela ya riƙe. Kashe ta, ta sha iska."

Baba ya bi jikin motar da hannu ya zagayo gaba, yana cewa bari ya ji ko lagireto na samun iska. Maimakon raga sai hannunsa ya ci karo da katako. Ya ƙwanƙwasa, ƙwan-ƙwan. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya shafa sama da ƙasa.

"Ikon Allah. Inda ya kamata ta sha iska an toshe, inda bai kamata ba an buɗe. Wa ya sa wa Dattijuwa ƙofa a hanci?"

Hannunsa ya kai kusurwar allon, ya taɓa ƙullin da aka yi, ya tsaya. Ya murza shi da yatsu biyu.

"Sannu, 'yar gari. Ashe nan ɓeran ya kawo ki. Har da ƙulli biyu, ɓeran ya iya aiki."

Jama'a suka fashe. Mai ba da hannu ya bar motoci suna ba kansu hannu, ya dafa fitila yana dariya. Baba ya kwance robar, ya mayar da ita mazauninta, ni na warware wayar, allon ya faɗo. Baba ya ɗaga shi, ya shafa fentin.

"Ina jin rubutu a jiki. Ka san ba na gani. Karanta mini."

Injiniya ya yi wata 'yar murya kamar ta sauro.

"Idona aka yi wa aiki ba kunne ba, amma ban ji ba. Ɗaga murya."

"Ba... ba a koya mini."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ai ko ni da ba na gani, na ga alama."

Ya miƙa masa allon, ya buɗe ɗaya tafin. Makulli ya sauka a ciki ba gardama. Baba ya juya inda yake jin numfashin Yaya.

"Uwata, ke ba ki lura ba?"

"Sau biyu ina buɗe baki, Baba. Aka ce kishin allo nake."

"To karɓi. Taki ce. Kai mu gida."

Injin ya huce, muka cika lagireto, Yaya ta gyara mayafi ta zauna a mazaunin direba, ta ja kujera gaba, ta daidaita madubi. Injiniya ya lallaɓa ya shige baya ya takure tsakanin jarkoki, allo a cinya, gashin baki rabi a tsaye rabi a kwance. Yaya ta murɗa makulli. Ƙyas. Ta sake. Ƙyas. Sati uku ana gurzar batir safe da yamma, shi ma ya ce ya gaji.

Baba ya ce, "Ba komai, turi kaɗan take so. Sa ta a giya biyu."

Yaya ta taka kuloci, ta sa giya, ta ɗaga ido ta kalli mijinta ta madubi, murmushi har kunne.

"Injiniya, sauka ka tura. Wannan kam ba sai an koya maka ba."